Jirgin da Doka Ta Tsayar a Bakin Puerto Rico, da Abin da Muka Gani a Cikinsa Daga Apapa

A ƙarshen watan Satumba na 2022, lokacin da litar dizal ta doshi naira 800 a Legas, wani labari ya shigo majalisarmu ta 'yan fiton kaya da direbobin tanka da ke zama kusa da gadar Marine Beach a Apapa. Yaron da ke yi mana zirga-zirgar takardu tsakanin ofis da kwastan ne ya nuna mana a wayarsa: jirgin ruwa maƙare da dizal yana shawagi a gaban wani tsibiri da ke cikin duhu, asibitoci na jiran man, amma an hana shi shiga tasha. Takardun kayansa cikakku ne, injinsa lafiya lau. Abin da ya tsayar da shi doka ce mai shekara 102.

Wani dattijo da ya shekara talatin yana jan tanka tsakanin Ikko da Kano ya karɓi wayar, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Yaro, a ƙasar Amurka kake faɗa? Su da mai yake musu kamar ruwan rijiya?" Yaron ya ce, "Baba, ai daga Amurkar ma aka ɗauko man. Laifinsa ke nan."

Wannan amsa ce ta sa na bi diddigin lamarin, domin irin dokar da ta tsayar da wancan jirgi muna da ita a nan, kuma mu da ke cin abinci a bakin tasha kullum muna taka ta ba tare da mun tsaya mun dube ta ba.

Tsibirin da guguwar

Puerto Rico tsibiri ne a tekun Karebiya, mutanensa sun haura miliyan 3. Amurka ta karɓe shi daga hannun Sifaniya a 1898, kuma tun 1917 mazaunansa 'yan ƙasar Amurka ne a doka. Sai dai tsibirin ba jiha ba ne. Ba sa jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa, wakilinsu a majalisar Washinton kuma yana iya magana amma ba shi da ƙuri'a ranar da ake zartar da doka. Kimanin kashi 85 cikin 100 na abincin da suke ci daga waje yake zuwa. Babu titi, babu layin dogo, babu bututun mai da ya haɗa su da babban yankin Amurka. Shinkafa, madara, magani, siminti, duk sai ta ruwa. Tashar Jacksonville ta jihar Fulorida, mai nisan kusan kilomita 2,000, ita ce musu abin da Apapa take ga 'yan Kantin Kwari da Singa.

Ranar 18 ga Satumba 2022 guguwar da aka laƙaba wa suna Fiona ta afka wa kudu maso yammacin tsibirin da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wutar lantarki ta ɗauke a ko'ina. Duk wanda ya zauna a Najeriya ya san abin da ke biyo baya: kowa ya koma kan janareta. Asibiti, gidan tsofaffi, injinan tura ruwan famfo, ɗakunan sanyi na manyan kantuna, duka dizal suke sha. Mako guda bayan guguwar, dubban ɗaruruwan gidaje ba su ga wuta ba, masu kantuna da shugabannin ƙananan hukumomi kuma suna kukan cewa tankunansu sun kusa ƙafewa.

A wannan hali ne jirgin GH Parks ya iso kudancin tsibirin, kusa da Peñuelas, ɗauke da ganga 300,000 ta dizal na kamfanin BP. Direbobinmu da kansu suka buga lissafin a ƙasa da tsinke: ganga ɗaya lita 159, jimla kusan lita miliyan 48, wato lodin tanka mai lita 45,000 sama da dubu ɗaya. Layin da zai tashi daga Apapa ya wuce Mile 2 da nisa. An yi lodin man a Teksas, jirgin kuma yana ɗauke da tutar Tsibiran Marshall. Waɗannan abubuwa biyu da suka haɗu su ne suka ɗaure shi.

Abin da dokar ta ce

Sunanta dokar Jones, sashe na 27 na dokar jiragen kasuwanci ta 1920, kuma ta samo sunan daga Sanata Wesley Jones na jihar Washinton. Ta ce duk kayan da za a ɗauka ta ruwa daga wata tashar Amurka zuwa wata tashar Amurka, dole jirgin ya cika sharaɗi huɗu: a Amurka aka ƙera shi, Amurkawa ne suka mallake shi, Amurkawa ne mafi yawan ma'aikatansa, tutar Amurka yake ɗauke da ita. Turawa na kiran irin wannan tsari kabotaj, kuma ƙasashe da dama suna da shi. Abin da ya sa na Amurka ya fi tsauri shi ne sharaɗin ƙira.

A lura da wani abu, domin nan ne kan maganar. Dokar ba ta hana jirgin waje shiga Puerto Rico ba. Da a ce GH Parks ya ɗauko dizal ɗin daga Holan ko Tirinidad, da ya shige tasha ranar da ya iso, babu mai ce masa uffan. Saboda man na Amurka ne, za a kuma sauke wa Amurkawa, shi ya sa aka rufe masa ƙofa.

Mai karatu zai ce, to a nemo jirgin Amurka mana. Nan ma akwai magana. Manyan jiragen teku da suka cika sharuɗɗan dokar ba su kai 100 ba a ƙasar baki ɗaya, domin ƙera jirgi a Amurka yana cin ninkin-ba-ninkin abin da yake ci a Koriya ta Kudu ko Japan ko Sin. Jiragen dakon man da ke cikinsu galibi suna ɗaure da kwangilolinsu na dogon zango. Wanda kuma ya sayi jirgi da tsada haka ba ya saurin ajiye shi. El Faro, jirgin da ya nutse ranar 1 ga Oktoba 2015 a hanyarsa daga Jacksonville zuwa San Juan, babban birnin tsibirin, da mutum 33 a cikinsa, a 1975 aka ƙera shi. Binciken hukuma ya ɗora laifin kan abubuwa da dama, har da shawarar kyaftin ta kusantar guguwa, don haka ba zan ce dokar ce ta kashe su ba. Amma jirgi mai shekara 40 yana kan wannan hanya ne saboda maye gurbinsa abu ne mai wuyar gaske.

Tsadar tana bayyana a takardar kuɗin dako. A 2012 reshen babban bankin Amurka na New York ya fitar da rahoto a kan tattalin arzikin tsibirin, ya nuna cewa kai kwantena mai ƙafa 20 daga gabashin Amurka zuwa Puerto Rico na cin dala 3,063, alhali kai irinta Santo Domingo, maƙwabciyarsu, dala 1,504 ne, Kingston ta Jamaika kuma dala 1,687. Shekara guda bayan haka ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya yi nasa nazarin. Ya ce abubuwa da yawa ke shiga farashin dako, ba za a iya ware kason dokar ita kaɗai ba, amma ya tabbatar da cewa akwai 'yan kasuwar tsibirin da ke barin kayan Amurka, irin su abincin dabbobi, su sayo daga ƙasashe masu nisa, don kawai su samu damar amfani da jirgin waje. Dokar da aka yi domin kasuwar gida sai ga ta tana korar mai saye zuwa kasuwar wani.

Ja-in-ja a kan takarda ɗaya

Dokar tana da ƙofar sassauci, amma ƙunƙuntacciya. Sai an nuna cewa tsaron ƙasa na buƙatar hakan, sai kuma an tabbatar babu jirgin Amurka da zai iya aikin. Gwamnan tsibirin na lokacin, Pedro Pierluisi, ya roƙi gwamnatin Joe Biden ta buɗe wannan ƙofa. 'Yan majalisa da dama da malaman addini na tsibirin suka mara masa baya.

Masu jiragen Amurka da ƙungiyoyin ma'aikatan ruwa suka ce a'a, kuma bai kamata a yi watsi da hujjarsu ba. Sun ce tsibirin yana da dizal a daffo, matsalar ita ce fitar da shi zuwa garuruwa. Sun ce jirgin ya karkato ne da kaya a cikinsa ba tare da izini ba, ya zo ya tsaya a idon duniya domin ya tilasta wa gwamnati, kuma idan aka bari wannan ya wuce, gobe kowane ɗan kasuwa zai jira bala'i ya yi haka. Suna kuma da abin nunawa. Shekara biyar kafin nan, bayan guguwar Maria ta 20 ga Satumba 2017, wadda daga baya hukuma ta amince ta yi sanadin mutuwar mutum 2,975, gwamnatin Donald Trump ta ɗage dokar na kwana 10. A daidai lokacin, dubban kwantenoni na jibge a tashar San Juan, an sauke su amma babu direbobi, babu man mota, hanyoyi sun karye.

Da na karanta wa majalisa wannan, babu wanda ya yi musu. Mu ne muka ga shekarun da tirela ke yin mako biyu tsakanin Ijora da ƙofar tasha kafin a kawo tsarin kiran motoci na Eto a 2021. Mun san kaya na iya isowa ƙasa ya ruɓe a bakin ruwa. Saboda haka na yarda cewa buɗe wa jiragen waje hanya ba ya gyara titi, ba ya samar da direba.

Inda na rabu da su shi ne a nan. Idan kuɗin jirgi ya yi tsada tsakanin Teksas da New York, ɗan kasuwa yana da bututu, yana da jirgin ƙasa, yana da tirela. Tsadar dokar a wurinsa zaɓi ce, ya ga dama ya kauce. Mutumin tsibiri ba shi da inda zai kauce. Ko an yarda cewa ƙasa na buƙatar jiragenta da matuƙanta domin ranar yaƙi, to wannan buƙata ta kowa ce, kamar soja, kuma daga baitulmali ya kamata a biya ta. Abin da ake yi yanzu shi ne a ɓoye kuɗin a cikin farashin madara da shinkafar mutanen da suka fi kowa nisa, waɗanda talauci ya fi yawa a cikinsu fiye da kowace jiha ta Amurka, waɗanda kuma ba su da ƙuri'a a zauren da ake yanke hukuncin. Wannan bai yi mini kama da adalci ba.

Ranar 28 ga Satumba, kwana goma bayan guguwar, sakataren tsaron cikin gida Alejandro Mayorkas ya sa hannu a kan sassauci na wucin gadi domin wannan jirgi, aka sauke man. Abin da ya biyo baya ya fi ba ni mamaki. A watan Disamba na wannan shekarar majalisar Amurka ta ƙara ɗaure dokar: daga yanzu ba za a ba da sassauci ga jirgin da ya riga ya yi lodi kafin a nemi izinin ba. Ma'ana, jirgi irin GH Parks, wanda yake kusa kuma da kaya a ciki ranar da ake buƙata, shi ne aka cire daga lissafi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tsibirin da guguwa ke ziyarta akai-akai ya cancanci a rubuta masa ƙa'idar gaggawa tun rana tana sama, ta yadda mai da magani za su shiga ba tare da gwamna ya durƙusa ba.

Ba su kaɗai ba ne. Alaska ta kai ƙara tun 1922, lokacin ba ta zama jiha ba, tana cewa dokar ta ɗaure ta a hannun jiragen Seattle, garin da ke jihar Sanata Jones, kotun ƙoli ta kori ƙarar. Labarin da ya fi taɓa abokanmu 'yan kara na Oko-Oba a Agege kuwa shi ne na makiyayan Hawai, tsibiran da ke nesa da gaɓar Amurka da kusan kilomita 4,000. Saboda babu jirgin dabbobi da ya cika sharuɗɗan dokar, sun sha tura maruƙansu a cikin kwantenoni da aka gyara, ko su bi da su ta Kanada a jirgin waje, ko ma su saka su a jirgin sama. Wani fatake da ke kawo shanu daga Potiskum ya ji haka ya girgiza kai ya ce shi da yake kuka da kuɗin tirela, ashe akwai wanda ke yankar wa saniya tikiti.

Tamu dokar

A 2003, zamanin Obasanjo, Najeriya ta yi tata dokar kabotaj ta jigilar gaɓar teku da ruwayen cikin gida, kuma ginshiƙanta huɗu su ne na dokar Jones: a ƙera a Najeriya, ɗan Najeriya ya mallaka, 'yan Najeriya su tuƙa, a yi rajista a Najeriya. NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta ƙasa, ke kula da ita. Jirgin waje na iya kawo kwantena daga Sin ya sauke a tashar Tin Can ta Legas, amma ɗaukar kayan cikin gida daga Legas zuwa Kalaba ko Fatakwal aikin ɗan gida ne, sai dai idan an ba baƙo takardar sassauci.

Niyyar mai kyau ce, kuma ina tare da ita. Ina son in ga yaranmu da suka gama makarantar koyon aikin ruwa ta Oron sun samu jirgin da za su hau, maimakon su dawo suna acaba a Ajegunle. Amma mun riga malam masallaci. Amurka ta yi dokarta tana da masana'antun ƙera jirage da rarar jiragen yaƙin duniya na ɗaya. Mu mun yi tamu shekara takwas bayan rushewar kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, wanda aka kafa a 1959 aka rufe a 1995, ba mu kuma da inda ake ƙera babban jirgin dakon mai. Waɗanda suka rubuta dokar sun san da haka, shi ya sa suka saka abu biyu: ikon minista ya ba da sassauci idan babu jirgin gida, da asusun tallafa wa 'yan ƙasa su sayi jirage, wanda ake tarawa daga harajin kashi 2 cikin 100 na kuɗin kwangilar jiragen da ke wannan aiki. Sassaucin ya zama ruwan dare. Asusun kuwa ya haura shekara 20 ana zuba masa kuɗi, ɗaruruwan miliyoyin dala, ba tare da an raba wa masu jirage ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, ga shi ruwan yana nan a tulu an rufe.

Sakamakon da nake gani da idona shi ne cewa mun ɗauki nauyin dokar ba mu ci moriyarta ba. Baƙon jirgi yana aiki, ya biya kuɗin takarda da haraji, ya zuba su a kan kuɗin dako da dala. Mai daffo ya zuba a kan lita. Jigilar kwantena daga Legas zuwa tasoshin gabas ta ruwa ba ta kama ƙasa ba, don haka kayan da ya dace su zagaya ta teku suna hawa tirela su bi ta Ore da Benin. Ba dokar kaɗai ce sanadi ba, akwai rashin zurfin mashigin Kalaba da Warri, akwai 'yan fashin teku da suka addabi yankin shekaru. Amma dokar ce ta yi alkawarin kawo jiragen da za su cike wannan giɓi.

Wa ke biya? Na farko, garuruwan da ruwa ya kewaye a Neja Delta, irin su Brass ta jihar Bayelsa, inda buhun siminti da jarkar mai sai sun hau kwalekwale. Na biyu kuwa mu ne. Arewa ba ta da teku, amma kusan duk abin da ake shigowa da shi ƙasar nan ta teku yake zuwa, sannan ya yi tafiyar kilomita dubu zuwa Kano, fiye da dubu da ɗari biyar zuwa Maiduguri, a bayan mota. Da ana biyan kuɗin daidaita farashin mai ba a ganin bambancin sosai. Da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu 2023, farashin lita na farko da NNPC ta fitar ya nuna shi ƙarara: naira 488 a Legas, 537 a Abuja, 557 a Maiduguri. Wanda ya fi nisa, ya fi talauci, shi ya fi biya. Akwai kuma biyan da ba na kuɗi ba, wanda aka yi a Majiya ta Jigawa a Oktoba 2024 da mahadar Dikko ta jihar Neja a Janairu 2025, inda tankokin mai suka faɗi suka kama da wuta, aka binne mutane a manyan kaburbura.

Dokar ta 2003 ta haɗa har da koguna. A 2009 Shugaba 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe Kogin Kwara daga Warri zuwa Baro, kilomita 572. A Janairu 2019 Shugaba Buhari ya buɗe tashar Baro, garin da tun zamanin Turawa ake sauke kaya daga jirgin ruwa a ɗora a jirgin ƙasa zuwa Kano. Shekaru sun wuce bayan bikin ba tare da tashar ta fara aikin da aka gina ta dominsa ba.

Mako guda ko biyu bayan an sauke dizal ɗin Puerto Rico, a farkon Oktoba 2022, kogin ya cika ya tumbatsa ya shanye titin Lakwaja zuwa Abuja a wajen Kotonkarfe. Tankoki da tireloli suka yi layi na kilomitoci, gidajen mai a Abuja suka rufe, hukumar kula da mai da kanta ta ce ambaliyar ce ta tare hanya. Dattijon nan namu yana cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Da ya dawo Apapa, idanunsa sun faɗa, muka taru muna yi masa barka. Na ce, "Baba, yaya kuka yi da abinci?" Ya ce mutanen ƙauyukan ne suka riƙa kawo musu a kwalekwale, su ne kuma ke fiton fasinjoji da babura a kan titin da ya zama kogi, kowa da kuɗin fitonsa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, kwana da kwanaki ina zaune a kan tanka ina kallon ruwan nan, faɗinsa ido ba ya kaiwa. Lita dubu arba'in da biyar a bayana, Abuja na gabana tana layin mai. Ban ga jirgin kaya ko ɗaya ya wuce ba."